Kar a Yanka Furen

Shekara arba'in da ɗaya ina yanka ƙanana,
ƙyalle bai fi farcen babban yatsa ba,
ɗari takwas a bargo guda,
kusurwa na sumbatar kusurwa, ba mai gocewa.
Duk Pubnico an san ɗinkin Odile:
a baje-kolin coci mata kan juya shi ta baya,
su nemi kuskure, su gaji, su ajiye.

Bana kuwa yatsuna sun yi yaji.
Sanyin teku ya shiga gaɓɓai ya shimfiɗa tabarma.
Kafar allura ta koma mini jita-jita:
ana cewa tana nan, ni ban gan ta ba.

Sai ga Maëlle daga Halifax ran Asabar,
dusar ƙanƙara a kafaɗa, ƙunshi a hammata.
Ta warware shi kan teburin cin abinci:
jajayen furanni, kowanne ya kai faranti,
ganye kamar tafin hannun mai jan taru,
da wani shuɗin yadi mai zalɓe tsaye kan ƙafa ɗaya,
yana harara ta kamar na ci bashinsa.

"Kaka, manya za ki yanka. Inci goma sha biyu,
murabba'i kawai, a jera, a ɗinke."
Na ce, "Wannan ai aikin ragwaye ne."
Ta yi dariya, ta ɗora shayi, ba ta tanka ba.

Tana tafiya na ɗauki almakashi da gadara.
Sara ɗaya, na raba zalɓe da wuyansa,
kai a wannan hannu, gangar jiki a wancan.
Na zauna. Itace na ta ƙara a murhu.
Tun da nake ban taɓa tambayar yadi abin da yake so ba.
Ni ke faɗa, shi ke bi.

Washegari na yanke taga a jikin kwali,
na yi ta yawo da ita a kan yadin
kamar mai neman ɗanta a cikin taro.
Nan fure ya cika, ganye ya fice.
Can ganye ya shigo, fure ya rasa kunne.
Kwana uku kafin alli ya taɓa ko'ina.
Philomène ta leƙo da burodi mai ɗumi:
"Abin da kike zubarwa a gefe ai ya isa riga!"
Na ce, "Fure ma yana son wurin miƙe ƙafa."

Talatin da biyar suka fito.
Bakwai a tsaye, biyar a kwance, a ƙasan falo,
ina ratsa tsakaninsu da safa.
Ja in ya zauna kusa da ja sai faɗa,
na tsarma farin ƙyalle siriri ya raba gardama.
Tsohon kekena da ya saba da tsaye-tsaye
ya samu miƙaƙƙiyar hanya, ya saki jiki,
har na ji kunyar yadda abin ya yi mini daɗi.

Auduga a ciki, tsohon zanen gado a baya.
Ƙulli na bi shi da shi, da zaren ulu,
iyakar abin da yatsu suka yarda su ba ni.

Zalɓen da na sare fa?
Na haɗa shi, yana kusurwar ƙasa ta hagu,
wuyan ya ɗan karkace, kamar mai waiwaye.
Philomène ta hango shi tun daga bakin ƙofa,
ko juya bargon ba ta yi ba.
"Odile, kin yi kuskure!" Baki har kunne.
Na ce, "Shekara arba'in da ɗaya kina nema.
Ga shi nan, kyauta."

Jiragen masunta sun fita tun da duhu.
Bargon na ɗakin sama, yana jiran mai shi.
Nakan hau a hankali, ina dafa bango,
in tura ƙofa, in tsaya, tabarau na aljihu.
Daga nan ma ina ganin kowane fure.